In Ba Ta Yi Shiru Ba

"Umma, wai da gaske ne Kawu Izzu yana kashe jarirai?"

Ina tsugune gaban tanda ina juya masa Zakiyya ta jefo min wannan tambayar. Ba a kunne ta raɗa min ba. Da ƙarfi ta faɗa, a gaban matan unguwa da ke tsaye da kwanukansu suna jiran a zuba musu.

Cokalin juyin ya suɓuce daga hannuna ya faɗa cikin toka.

"Wa ya faɗa miki wannan maganar?"

"A islamiyya. Sun ce in jariri ya yi kuka sai ya kashe shi." Ta matso ta riƙe gefen zanina. "Umma, ni ai na daina kuka ko? Ko na faɗi ba na yi."

Matan suka sunkuyar da kai. Wannan ne ya tabbatar min cewa duk unguwarmu ta Fadaman Mada ta riga ni jin labarin.

Na jawo 'yata na rungume, masar tana ƙonewa ina jin ƙaurinta, ban ko waiwaya ba.

Sunana Ni'ima. Mahaifin Zakiyya, Kabiru, ya rasu tana goye a bayana, na dawo gidan Baffa, ƙanin mahaifina, wanda shi ne uba gare ni tun ina ƙarama. Da masa nake riƙe kaina da 'yata. Izzuddeen kuwa, wanda Zakiyya ke ce wa Kawu Izzu, direban keke mai ƙafa uku ne ɗan garin Inkil, yana aiki da manhajar Garzaya, wadda ake kiran keke da ita ta waya. Shi ke kai min kulolin masa ofisoshi. Daga ɗaukar kula ya koma ɗaukar Zakiyya zuwa makaranta, daga nan ya turo manyansa.

Hajiya, mahaifiyar marigayi, ta yi min sharaɗi ɗaya tak. Ta ce za ta bar min Zakiyya in tafi da ita gidan aure, matuƙar mijin mutumin kirki ne. In ba haka ba, jikarta ta dawo gidan ubanta.

Ban gama goge hawayen yarinyar ba aka ce Baffa na kira.

Yana zaune a zaure kan buzunsa. Gefensa Mansir ne, ya harɗe cikin farar shadda, mukullin mota a gwiwa. Mansir ɗan wan mahaifin Kabiru ne. Shi ne wakilin Garzaya a Bauchi, a shagonsa ake yi wa direbobi rajista. Tun da na fita takaba yake aiko min da turare da atamfa, ina mayar masa.

Na durƙusa na gaida Baffa.

"Matar yaya, ina wuni?" in ji Mansir.

"Lafiya." Ban ɗago ba.

Baffa ya yi gyaran murya. "Ni'ima, ban taɓa yi miki dole ba, yau ma ba zan fara ba. Amma ki saurari abin nan da kunnenki. Mansir, kunna mata."

Mansir ya danna wayarsa ya ajiye a kan tabarma.

Ƙarar keke na fara ji. Sai kukan jaririya, irin kukan nan mai tsinka zuciya. Sannan muryar da ko cikin barci na ji ta zan gane:

"Wallahi in ba ta yi shiru ba, yanzu zan kashe ta!"

Sai abin ya yanke.

Na dafa ƙasa.

"Sake kunna mata," in ji Baffa.

"A'a Baffa, na ji."

"Muryarsa ce ko ba tasa ba ce?"

"Tasa ce."

Mansir ya ɗauki wayar yana shafa fuskarta da babban yatsa. "Ni wallahi tausayinsa nake ji. Amma kamfani ya sa na'ura mai basira a cikin manhajar, tana sauraron duk abin da ake faɗa a keke, don tsaron fasinja. Ita ta ji, ita ta yanko wurin, ita ta rufe masa akawun ɗinsa na manhajar. Ba hannun mutum a ciki. Na'ura ba ta da dangi, ba ta cin hanci, ba ta kuskure."

"To ya aka yi maganar ta kai islamiyyar yara?" na tambaya.

Ya ɗan yi tari. "Ai kin san gari."

"Na san gari. Na kuma san a wayar mutum ɗaya muryar nan take."

"Ni'ima!" Baffa ya daka min tsawa. Sannan ya sassauta murya. "Hajiya ta aiko. Ta ce ba za ta bari a kai mata jika gidan mutumin da kukan yaro ke sa shi ambaton kisa ba. In kin dage, ki haɗa wa Zakiyya kayanta. In kuwa kin yi hankali, ga Mansir. Jininsu ɗaya da yarinyar, ya gama gininsa a Gwallameji, babu mai raba ki da 'yarki."

"Ɗakinta ma na sa an yi masa fenti," in ji Mansir. "Ruwan hoda."

Na miƙe.

"Baffa, a ba ni dama in ji daga bakinsa."

"Ki ji. Amma ba a cikin gidana ba."

Da la'asar ya zo, a ƙafa. Ban taɓa ganin Izzuddeen ya shigo layinmu a ƙafa ba. Ya tsaya ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban gidan maƙwabta, ya rame, idanunsa sun faɗa.

Ban gaishe shi ba.

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa."

"Izzu!" Hawaye suka ɓalle min. "Jaririya? Kai da kake ɗaura wa Zakiyya igiyar takalmi? Kai da ka taɓa tsayar da keke a tsakiyar titi don ta ce ta ga ɗan akuya?"

"Ni'ima, ki tsaya. Waya nake nufi."

"Wace waya?"

"Wayar aikin! Wadda ke manne a gaban keke." Ya share fuska da tafin hannu. "Wata mata na ɗauko daga kasuwar Wunti za ta Yelwa, da jaririya a cinya tana barci. An sha ruwan sama, hanyar da manhajar ke so in bi ta cika, ko ɗan acaɓa ba ya shiga. Na canza hanya. Shi ke nan ta fara: juya baya, juya baya, ka saki hanya, juya baya. Na rage murya, ta ƙara da kanta. Har ta tashi yarinyar. Uwar na jijjigawa, yarinya na tsala kuka, ita kuma abar ba ta fasa ba. Shi ne na ce in ba ta yi shiru ba zan kashe ta. Matar ma dariya ta yi, ta ce in kashe."

Na tsaya ina kallonsa. Ni kaina sau nawa nake cewa a kashe rediyo, a kashe fitila, a kashe murhu?

"To me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "In faɗa wa wa? Na sauke ta lafiya, ina kan hanyar dawowa saƙo ya shigo, wai an rufe ni har abada saboda barazanar kisa. Keken na kamfani ne, daga can inda suke suka kashe shi, a tsakiyar titi, sai turawa na yi gefe. Kin ji? Su suka kashe, ni ake kira mai kisa."

"Ba ka kira su ba?"

"Na kira. Na'ura ce ke ɗauka. Na rubuta, na'ura ce ke amsawa: mun gode da tuntuɓarmu, hukuncin ya tabbata. Na je wurin Mansir, ya ce ba ruwansa. Na ce ai ko korar mutum za a yi daga aiki ana zaunar da shi a ji ta bakinsa. Kin san me ya ce? Wai ni ba ma'aikaci ba ne. Abokin hulɗa ne. Wai haka na amince ranar da na danna rajista."

"Abokin hulɗa?"

"Su ke faɗa min inda zan je, su ke yanka kuɗin tafiya, in na ƙi ɗaukar fasinja su hukunta ni, in na tsaya sallah su ce na yi jinkiri. Amma ranar da na nemi a saurare ni, sai na zama aboki."

Ya juya min baya.

"Ni'ima, na zo ne in ce ki haƙura da ni."

"Me ka ce?"

"Ba zan zama sanadin raba ki da Zakiyya ba. Ba ni da keke, ba ni da suna. Jiya na shiga masallaci, wani ya janye ɗansa daga kusa da ni. Ki auri Mansir. Yana da gida."

"Juyo ka kalle ni."

Bai juyo ba.

"Izzuddeen, na ce ka juyo!"

Ya juyo, fuskarsa sharkaf da hawaye.

"Ni ka ga na yi kama da kular masa, da za ka sauke ni a ƙofar wani ka ce an karɓa? Na binne miji ina da goyo. Na raini yarinyar nan da hayaƙin tanda. Ba waya ce za ta zaɓa min wanda zan zauna da shi ba, ba kuma mai riƙe da wayar ba. Ina matar take?"

"Manhajar ba ta nuna lambar fasinja. A bakin wani layi na sauke ta, kusa da wata coci mai shuɗin ƙofa. Na ji a waya ana ce mata Maman Anita. Amma ki duba, ni da ake zargi da barazana, in aka gan ni ina yawon neman gidanta, ai sai a ce na zo cikawa ne."

"Kai ba za ka je ba. Ni zan je."

"Ni'ima..."

"Ka tafi gida ka ci abinci. Ka yi aski kuma, ka fara kama da abin da suke faɗa."

Ranar Lahadi ban kunna murhu ba. Na saka hijabina na hau keke zuwa Yelwa, na sami cocin mai shuɗin ƙofa, na tsaya a gefen mai sayar da gasasshiyar masara. Ana ta waƙa a ciki. Masu wucewa na kallona, ni ma ina kallonsu.

Da aka taso, na tari wata dattijuwa mai ɗaurin ɗankwali babba.

"Mama, don Allah Maman Anita nake nema."

"Wanne? Muna da su da yawa."

"Mai jaririya."

Ta juya ta ƙwala kira. "Phoebe! Ga wani Hajiya yana neman ki!"

Wata doguwar mata ta fito daga cikin taron, da jaririya a kafaɗa cikin farar riga mai baza. Na gaishe ta, na ce mata ni ce wadda direban keken da ya kawo ta daga Wunti ranar ruwan nan zai aura.

Fuskarta ta washe. "Ah! Wannan yaro mai hankali? Har ƙofar layi ya riƙe mini lema. Tauraro biyar na ba shi. Yaya yake?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Ta ja ni gefe ta zaunar da ni a kan benci. Na faɗa mata komai, tun daga saƙon har tambayar Zakiyya. Tana ji tana buɗe ido.

"Yesu! Don wannan waya mai surutu? Ai ni na ce masa ya kashe shi! Anita ya yi barci da ƙyar, wannan abu ya tashe shi. Sun kore shi a kan magana na?"

"Sun ce ya yi miki barazana."

"Wa ya tambaye ni? Ni ne fasinja. Wa ya kira ni ya ce, Madam, an yi miki barazana?"

"Babu."

Nan take ta ciro wayarta ta rubuta wa kamfanin. Kafin ta mayar da ita jaka amsa ta shigo. Ta karanta, ta miƙo min. Mun gode da tuntuɓarmu. Tsaronki shi ne burinmu. An ɗauki mataki a kan direban.

Ta yi tsaki mai tsawo.

"Ƙanwa na, tashi. Ina ne gidan Baban naki?"

"Yanzu?"

"To sai yaushe? Bari in gaya wa maigida, ya kai mu a mashin ko mu hau keke. Ni ma ƙani na yana wannan aiki. Gobe shi ne za su kora."

Muka tarar da motar Mansir a ƙofar gida. Ashe ya zo jin amsa.

Na yi sallama a zaure. Baffa ya dubi baƙuwar, ya dube ni.

"Baffa, wannan ita ce fasinjar. Wannan kuma ita ce jaririyar da aka ce za a kashe."

Maman Anita ta rusuna. "Baba, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Bismillah, zauna." Baffa ya tura mata tabarma. Duk zafinsa, ba ya wulaƙanta baƙo.

Ta zauna ta kwashe labarin tas ta faɗa masa: ruwan, hanyar, surutun wayar, lemar. Baffa na saurare yana jan carbi.

Mansir ya yi murmushi. "Baffa, da girmanka. Wa ya san ita ce? Ko ita ce ma, wa ya san abin da aka yi mata alkawari? Mutum ana iya roƙonsa, ana iya saya. Na'ura kuwa abin da ta ji shi ta kawo."

"Kai, ka kalle ni da kyau," in ji Maman Anita. "Daga coci na fito. Ni za a saya da masa?"

"Ban ce ke ba, Madam."

"To da wa kake? Akwai wani a nan?"

Wayar Mansir ta yi ƙara daga aljihunsa, wata muryar mace ta ce, "Akwai sabon direba da ke jiran tantancewa." Ya ciro ya duba ya ajiye a gefensa.

Baffa ya ce, "Ni abin da ya tsaya min, kalmar ce. Mutum mai hankali, ga jaririya na kuka, ya rasa abin da zai fito daga bakinsa sai..."

"Akwai sabon direba da ke jiran tantancewa."

Anita ta firgita ta fara ƙananan kuka. Uwar ta shiga jijjiga ta.

Baffa ya ɗaga murya. "Na ce, ya rasa abin da zai faɗa sai kisa? Ai magana tana da..."

"Ka yi jinkiri. Akwai sabon direba da ke jiran tantancewa."

Anita ta tsala kuka.

Baffa ya buga carbinsa a kan buzu.

"Kai Mansir! Wannan abar taka ta ishe mu! In ba za ta yi shiru ba ka kashe ta mana!"

Kukan Anita kawai ke tashi.

Na ga bakin Baffa ya tsaya a buɗe. Ya dubi wayar. Ya dubi jaririyar. Ya sake duban wayar.

Maman Anita ta fashe da dariya har tana dukan cinya. "Baba! Shi ke nan, kai ma sun rufe akawun naka!"

Amma ni ba Baffa nake kallo ba. Mansir nake kallo. Tun kafin Baffa ya rufe baki ya wawuri wayar, ya danne ta da tafin hannu, ya cusa ta ƙarƙashin cinyarsa. Goshinsa ya tsatso da gumi.

"Me ka ɓoye, Mansir?" na ce.

"Babu komai."

"Me ya sa ka toshe mata kunne? Ba kai ka ce ba ta kuskure ba? Bar ta ta ji mana. Ga muryar namiji, ga kukan jaririya, ga kalmar. A wayarka."

"Ni'ima, ba ki gane ba, manhajar a buɗe take, in ta ɗauka za ta iya..."

Ya ƙara danne wayar da cinyarsa.

"Za ta iya me? Ƙarasa."

Bai ƙarasa ba.

"Ashe kai ma abokin hulɗa ne," na ce. "Ashe ka san tana yin kuskure. Ka sani tun ranar da Izzu ya tsaya a shagonka yana roƙonka. Ka sani lokacin da kake tura muryarsa gida gida, har ta isa kunnen yarinya 'yar shekara biyar, ta zo tana yi min alkawarin ta daina kuka don kada a kashe ta!"

Ban share hawayen ba, na bar su suna zuba.

"Astagfirullah," in ji Baffa a hankali. "Astagfirullahal azim." Ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago, Mansir ya kalla. "Kafin a yanke wa yaron nan hukunci, wa ya zaunar da shi ya tambaye shi?"

"Baffa, tsarin kamfani ne..."

"Na ce wa ya tambaye shi?"

"Babu."

"Ita uwar yarinyar fa?"

"Babu."

"Ni ma ban tambaye shi ba," in ji Baffa. "Da furfurata."

Mansir ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Duk wannan ba zai buɗe masa akawun ba. Ni ba ni da ikon buɗewa, babu wanda ke da shi a garin nan. Mutumin da ba shi da sana'a za ka ba wa 'ya, Baffa? Kuma Hajiya ba ta janye maganarta ba. Ina fita nan wurinta zan je."

"Ka gaishe ta," na ce. "Ka ce mata muna tafe, ni da Maman Anita da Anita. Daga can mu wuce islamiyya. Duk gidan da muryar nan ta shiga, sai mun shiga da ƙafarmu."

"Har coci namu ma," in ji Maman Anita. "Akwai 'yan keke da yawa a can. Za su so su ji yadda ake korar mutum."

Mansir ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu. Wayar ta sake magana daga aljihunsa. Ya fita da sauri.

Baffa ya juyo gare ni.

"Maganarsa ɗaya gaskiya ce, Ni'ima. Yaron ba shi da abin yi yanzu. Da me zai riƙe ku?"

"Baffa, hannunsa suka rufe ko akawun? Gonar mahaifinsa na nan a Inkil. Tandata na nan. Kafin a yi Garzaya ana hawa keke a Bauchi. Kuma ba za mu bar musu ba. Shi da 'yan uwansa direbobi za su je ofishin ƙwadago, su je gidan rediyo, su yi ta zuwa har sai an fito da mutum mai kunne ya zauna ya saurare su. In shekara za a yi, a yi. Amma ba zan auri wanda ya tsorata min 'ya don ya same ni ba, ko da gidansa na gilashi ne."

Baffa ya kalle ni. Sannan ya ɗan girgiza kai.

"Taurin kan ubanki kika ɗauko." Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa. "Gidan Hajiya ba ke za ki shiga gaba ba. Ni zan shiga. Ni na karɓi maganar ban bincika ba, ni zan mayar da ita. Ki aika wa yaron ya zo. Ta ƙofar gidana."

Da Izzuddeen ya zo, na ga ya yi askin.

Zakiyya na wasa a tsakar gida. Tana hango shi a bakin zaure ta tsaya cak. Sai ta juya da gudu za ta ɓuya a bayana, ta yi tuntuɓe da murfin kula ta faɗi a kan gwiwa.

Ba ta yi kuka ba. Ta cije leɓe, ta toshe bakinta da hannu biyu, idanunta na kansa.

Izzuddeen ya durƙusa a inda yake, bai matso ba.

"Zakiyya," ya ce. "Da zafi ko?"

Ta gyaɗa kai.

"To yi kukanki. Yi da ƙarfi, duk unguwa ta ji. Ni ma jiya na yi."

Ta dube ni. Na gyaɗa mata kai.

Ta saki kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, ta tafi da ɗingishi ta faɗa jikinsa. Ya ɗauke ta yana hura mata gwiwar.

Har yau da nake wannan rubutu akawun ɗinsa a rufe yake. Ya rubuta, Maman Anita ta rubuta, amsar ba ta canza ko da harafi ɗaya ba.

Ke da kike karanta wannan, in mijinki ko ƙaninki ko wanda kike so yana fita neman abinci da waya manne a gabansa, ki sani tana jin duk abin da ya faɗa, kuma ba ta san Hausar da muke yi a gida ba. Kafin ya danna amincewa, ki sa shi ya tambaya: ranar da aka zarge ni, wane mutum ne zai zauna ya saurare ni? In babu amsa, ku shiga da shirinku. Kuma ranar da aka kawo miki guntuwar muryarsa aka ce ga hujja, kada ki yanke masa hukunci a kan tabarmar da aka kunna miki ita. Ki saka hijabinki ki je ki nemo wanda yake wurin.